Kuɗin cizo

kuɗin-cīzṑ, sn., nj.; jam. ba ya sauya siga.

1. Ƙwaro marar fiffike, falale, ja-ja mai duhu, tsawonsa kimanin milimita 5. Ƙafa 6 gare shi, da siririn baki na huda fata da zuƙar jini da dare. Da rana yakan ɓuya a tsagar bangon laka, gadon kara, tabarma da ɗinkin katifa. In an murtsuke shi, wari yake. Mis.: kuɗin cizo ya hana baƙin Ɗambatta barci; a shanya shimfiɗa a rana saboda kuɗin cizo.

2. (kimiyya) Kowane ƙwaro na dangin Cimicidae, rukunin Hemiptera. Na ƙasashe masu zafi: Cimex hemipterus, na masu sanyi: Cimex lectularius. Ƙwai: fari, milimita 1. Ɗan yakan yi saɓa sau 5, kowace sai ya sha jini. Babba na jure watanni ba abinci. Yaɗuwa: tsoffin gadaje, kayan matafiya.

Dangogi: cīzṑ, sn., nj.; cī̀zā, fi.; ƙazunzumi (wani karin harshe).

Dubi: darɓa, mai tsotsar ganyen dawa da wake, rukuninsu ɗaya.