Sirrin Injin da Ba Ya Ƙara: Tarihin da ke Cikin Fim ɗin The 39 Steps na 1935

Manazarta sukan ɗauki fina-finan leƙen asiri a matsayin abin nishaɗi kawai, alhali kuwa sau da yawa a cikinsu ake tarar da tsoron da ya dami mutanen zamaninsu. Wannan takarda za ta duba misali guda, wato The 39 Steps, wanda Alfred Hitchcock ya shirya a Ingila aka fara nuna shi a watan Yuni na 1935.

Asalin labarin daga littafin John Buchan ne, wanda aka buga a 1915. A littafin, 'yan leƙen asirin Jamus suna farautar tsare-tsaren rundunar jiragen ruwan Birtaniya ne, domin a wancan lokaci ƙarfin ƙasar a teku yake. Da Hitchcock ya ɗauki labarin bayan shekara 20, sai ya mai da abin satar sirrin wani injin jirgin sama da ba ya yin ƙara ko kaɗan. Wannan sauyi shi ne abin lura.

Dalilinsa a fili yake. Tun 1932 Stanley Baldwin ya faɗa wa majalisa cewa ba abin da zai tare jirgin jefa bom, sannan a watan Maris na 1935 Jamus ta fito fili ta bayyana cewa tana da rundunar sojan sama. Hanyar da Ingila ta dogara da ita wajen gano jirgin abokan gaba kuwa ita ce sauraro. Har an gina waɗansu manyan ganuwoyi na kankare masu lanƙwasa a gaɓar Kent, kamar waɗanda ke Denge, don su tattara ƙarar inji daga nesa. Ke nan jirgin da ba ya ƙara ya kurmantar da masu gadi baki ɗaya. Mai kallo na 1935 ba ya bukatar a yi masa bayanin haɗarin.

Yadda aka yi satar ma abin dubawa ne. Ba takarda ko ɗaya da ta ɓace daga ma'aikatar sojan sama, shi ya sa 'yan sanda suka ƙi gaskata jarumin, Richard Hannay, wanda Robert Donat ya fito a matsayinsa. Ashe wani ɗan wasan dandali ne mai kaifin hadda, Mr Memory, ya haddace takardun aka mayar da su wurinsu. A gidan wasa na Palladium Hannay ya jefa masa tambaya a bainar jama'a, shi kuma, da yake sana'arsa ba ta yarda ya ƙi amsawa ba, ya soma tona asiri. Kafin ya ambaci ƙasar da 'yan leƙen asirin ke yi wa aiki sai shugabansu, Farfesa Jordan, ya harbe shi. Da haka fim ɗin ya kauce wa kiran sunan kowace ƙasa, ko da yake kowa ya san inda aka nufa.

A ganina jaruntakar Hannay ba ta soja ba ce. Baƙo ne daga Kanada wanda aka ɗora wa kisan da bai yi ba, kuma yawancin aikinsa gudu ne; har harsashi ma littafin waƙoƙin coci ne da ke aljihun rigar aro ya tare masa.

Abin mamaki shi ne, a ranar 26 ga Fabrairu 1935, wata uku da 'yan kwanaki kafin a nuna fim ɗin, Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins sun gwada gano jirgin sama da igiyar rediyo kusa da Daventry, kuma gwajin ya ci nasara. Wannan shi ne mafarin na'urar rada a Ingila, wadda ba ruwanta da ƙarar inji. Gwamnati ta rufe batun, saboda haka 'yan kallo suka yi ta fargaba a kan sirrin da tuni wani sirrin na gaskiya ya soma rage masa daraja.