Kwamfutar 1951 da ta sake tashi: tarihin masu farfaɗo da tsofaffin na'urori

A shekarar 2008 wani Baturen Ingila mai suna Kevin Murrell yana duba hotunan kayan da aka jibge a wani ɗakin ajiya na birnin Birmingham, sai idonsa ya faɗa kan wani allo mai maɓallai a bayan wasu kaya. Nan take ya gane shi. Tun yana saurayi, a shekarun 1970, yakan je gidan tarihin kimiyya na birnin ya tsaya yana kallon na'urar da ke da wannan allon. Ashe tana nan, an wargaza ta gunduwa-gunduwa, ƙura ta lulluɓe ta.

Mai karatu, wannan na'ura ita ce a yau kundin Guinness ya amince cewa babu kwamfutar lissafi ta asali da ta girme ta a cikin masu aiki a duniya. Labarinta zai nuna maka abin da ke sa mutum mai hankalinsa ya ƙarar da ranakun hutunsa yana goge tsatsa a jikin na'urar da wayar hannunka ta fi ta sauri nesa ba kusa ba.

An fara tsara ta ne a 1949 a Harwell, cibiyar binciken makamashin nukiliya ta Birtaniya. A lokacin, lissafin da masana ke buƙata mutane ne ke yin sa da ƙananan injinan tebur, suna danna lamba suna rubutawa tun safe har yamma. Aikin akwai gajiyarwa, kuma wanda ya gaji ai dole ya yi kuskure. Sai injiniyoyi uku, Ted Cooke-Yarborough da Dick Barnes da Gurney Thomas, suka haɗa injin da zai ɗauke wa mutane wannan wahala. Ya fara aiki a 1951, aka miƙa shi ga sashen lissafi a 1952. Nauyinsa tan biyu da rabi, tsawonsa kusan mita shida, tsayinsa mita biyu.

Abin da ya bambanta wannan kwamfuta da taka shi ne kana iya ganin lissafinta da idonka. Ma'adanar lambobinta wasu ƙwayaye ne na gilashi, kamar na tsohuwar rediyo, da ake kira dekatiron. A cikin kowane ƙwai akwai iskar neyon da 'yan sanduna goma da aka jera a da'ira. Ɗigon haske ja-ja yana zaune a kan ɗaya daga cikinsu. Duk lokacin da aka aiko bugun lantarki, sai hasken ya matsa gaba taki ɗaya. Idan yana kan sanda ta bakwai, lambar bakwai ke nan aka ajiye. Wato da goma-goma take ƙirga, kamar yadda aka koya maka a firamare, saɓanin sifili da ɗaya da kwamfutocin yau ke amfani da su. Tana da irin waɗannan ƙwayaye 828, da makunnai masu aiki da maganaɗisu guda 480, irin waɗanda ake sa wa a ofishin haɗa layin tarho na da. Iyakar abin da take iya riƙewa lambobi 90 ne. Umarni kuwa a jikin doguwar takarda mai huji-huji ake ba ta. In ana son ta riƙa maimaita aiki ɗaya, sai a manne bakin takardar da ƙarshenta, ta zama zobe, ta yi ta zagayawa.

Batun sauri fa, kada ma ka tambaya. Kafin ta ninka lamba biyu sai ta ɗauki daƙiƙa biyar zuwa goma. An taɓa yin tsere tsakaninta da wani gwanin lissafi na Harwell, Bart Fossey, shi da injin tebur ɗinsa. Kusan rabin sa'a suna kafaɗa da kafaɗa, daga nan ya gaji ya janye, ita kuwa ta ci gaba abinta. To amfaninta ke nan: ba ta gajiya, kuma da wuya ta yi kuskure. Akwai lokacin da aka bar ta ita kaɗai kwana goma a hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, aka dawo aka tarar tana ta aiki.

Zuwa 1957 Harwell ta sami na'urorin da suka fi ta, sai aka sa gasa tsakanin kwalejoji, wadda ta kawo hujja mafi ƙarfi ta ɗauka. Kwalejin fasaha ta Wolverhampton ta ci. A can aka raɗa mata suna WITCH, wanda taƙaitawa ce ta dogon sunan Turanci, amma kalmar da kanta tana nufin mayya. Ta koyar da ɗalibai har 1973, sannan aka kai ta gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Birmingham. Da aka rufe gidan a 1997 sai aka kwance ta aka kai ma'ajiya, inda ta kwanta har ranar da Murrell ya hango ta a hoto.

A 2009 aka ba da aronta ga gidan tarihin kwamfuta na ƙasa da ke Bletchley Park, wurin da Birtaniya ta riƙa warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu. 'Yan sa-kai ne suka karɓi aikin, Delwyn Holroyd na jagorantarsu. Shekara uku suna yi. Ka san tsohuwar na'ura ba a jona ta da wuta haka kawai don a ga ko za ta tashi, domin ɓangare ɗaya da ya lalace yana iya ƙona goma masu lafiya. Sai an bi sashe-sashe: a wanke datti, a duba wayoyi, a gyara ɓangaren da ke raba wuta, a gwada kowane yanki shi kaɗai kafin a haɗa shi da ɗan'uwansa. Sun kuma yi ƙoƙarin barin kayanta na asali a jikinta, don in aka canza komai da sabo, abin da za a samu kwaikwayo ne. Ranar 20 ga Nuwamba 2012 aka kunna ta a gaban jama'a, biyu daga cikin waɗanda suka ƙera ta suna zaune suna kallo. Cooke-Yarborough ya rasu a farkon 2013, makonni kaɗan bayan ya ga na'urarsa ta sake ƙirga.

Kada ka ɗauka wannan aiki na gidajen tarihi ne kawai. Yawancin masu wannan sha'awa a gidajensu suke yi, a kan teburin cin abinci ko a gareji, kuma na'urorinsu na shekarun 1980 ne, lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidajen talakawan Turai da Amurka. Commodore 64 ta fito a 1982 a kan dala 595, an kuma sayar da fiye da miliyan 12. A shekarar ne ZX Spectrum ta fito a Birtaniya. Ga Apple II, ga BBC Micro ta makarantun Ingila, ga Amiga da ta biyo baya a 1985. Yaran da suka koyi rubuta manhaja a kansu yanzu sun yi furfura, da yawansu kuma sun koma neman na'urorin ƙuruciyarsu a kasuwannin gwanjo.

Kowace na'ura da irin ciwonta, masu gyara kuma sun haddace su kamar yadda bakanike ya san halin kowace mota. Commodore 64 matsalarta akwatin da ke ba ta wuta. An cika cikinsa da wani ƙaro mai tauri, ba ya buɗuwa cikin sauƙi, kuma in ya tsufa yakan saki wutar da ta haura bolt biyar ɗin da na'urar ke buƙata, ya ƙone mata ma'adanar bayanai. Shi ya sa abu na farko da gwani zai gaya maka shi ne ka auna wutar da mita tukuna, ko ka sayi sabon akwati. BBC Micro da Apple II kuma suna da wata kafasita ta kamfanin RIFA. Da takarda aka yi cikinta, jikinta yakan tsage da tsufa, danshi ya shiga, sai wata rana ta fashe da hayaƙi mai ɗoyi ya cika ɗaki. Yawanci na'urar ba ta mutuwa, amma mai ita yakan sha tsoro.

Mafi muni shi ne batir. Wasu samfuran Amiga da tsofaffin Macintosh suna da ƙaramin batir a kan fanel wanda ke riƙe agogo. Bayan shekara ashirin ko talatin a cikin kwali, sai ya yi yoyo, ruwansa ya bi siraran hanyoyin tagulla yana cinye su. Na'urar da aka ajiye lafiya lau sai a buɗe a tarar da fanel ya yi kore. Idan batirin irin na Amiga ne, ruwansa ɗan'uwan kanwa ne, don haka da ruwan tsami irin binega ake kashe kaifinsa, a wanke, sannan a bi hanyoyin da suka yanke ɗaya bayan ɗaya a haɗa su da siririyar waya da dalma. Wanda ya taɓa zama wajen mai gyaran rediyo ko waya ya san kamannin aikin. Gargaɗi ɗaya dai: tsohon allon kallo mai ƙugu, irin na talabijin ɗin da, yana iya riƙe wuta ta dubban bolt ko bayan an zare shi daga soket. Wanda bai koya ba kada ya buɗe.

Bayan gyara akwai ƙari. Kamfanin Sony ya daina yin faifan fulofi a 2011, waɗanda suka rage kuma suna lalacewa a hankali. Sai masu sha'awar suka ƙera 'yan na'urori da ke yaudarar tsohuwar kwamfuta: ita tana zaton da fulofi take magana, alhali katin memori ne ko filashi. Wasu sun ƙera sababbin ƙwayoyin aisi da ke maye gurbin waɗanda aka daina yi tun tuni. Akwai ma masu shafa sinadarin haidurojin feroksaid a jikin robar da ta koma rawaya su shanya a rana don ta yi fari, ko da yake ana gardama a kan hakan, domin rawayar takan dawo.

To me za a rasa idan babu waɗannan mutane? Ga misali. A 1086 Sarki William na Ingila ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasarsa a littafin da ake kira Domesday. A kan fata aka rubuta shi, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Landan, wanda ya iya Latin zai karanta shi yau. Da littafin ya cika shekara 900, a 1986, BBC ta shirya irinsa na zamani. Kusan mutum miliyan ɗaya suka ba da gudummawa, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta yadda rayuwa take a garuruwansu, aka haɗa da hotuna da taswirori. Aka zuba komai a manyan faya-fayan leza guda biyu waɗanda sai da kwamfutar BBC Master da wani injin karatu na musamman ake buɗe su. Shekara goma sha biyar kacal bayan haka, injinan da ke aiki sun kusa ƙarewa. Sai a 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar a kan sabuwa. Kuma kafin a kwaikwayi na'ura ko a kwafe abin da ke cikin faifanta, dole a sami ta gaske mai aiki, da wanda ya san cikinta.

Haka ta faru da zanen Andy Warhol. A 1985 kamfanin Commodore ya gayyaci shahararren mai zanen ya nuna abin da Amiga ke iyawa a bikin ƙaddamar da ita a New York. Ya kuma yi wasu zane-zane a kanta, suka zauna a fulofi kusan shekara talatin babu wanda ya san abin da ke ciki. Ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta jami'ar Carnegie Mellon, wadda aka sani da tara tsofaffin na'urori, ita ta karanto faya-fayan, ta warware tsarin da aka ajiye hotunan da shi, aka sanar da duniya a 2014. A 2012 ma, Jordan Mechner, wanda ya rubuta wasan Prince of Persia a kan Apple II, ya sami fulofin asalin rubutun manhajar a wani kwali da mahaifinsa ya aiko masa. Masu adana tsofaffin na'urori ne suka zo da kayan aikinsu suka ceto rubutun, ya kuma sa shi a intanet kowa ya gani.

Akwai kuma amfanin koyo. Wayar da ke hannunka biliyoyin ƙananan makunnai ne a cikin ƙwayar da ba ta kai farce ba, babu abin da ido zai gani. Commodore 64 kuwa mutum ɗaya yana iya fahimtarta daga farko har ƙarshe, don an buga taswirar wayoyinta a littafin jagorar masu rubuta mata manhaja. A gaban na'urar Harwell abin ya fi haka sauƙi: ana iya rage mata gudu har ɗalibi ya bi ɗigon haske da ido, ya ga yadda tara ke komawa sifili a miƙa ɗaya ga ƙwan da ke gefe. Dalilin da ya sa ake kai 'yan makaranta kallonta ke nan.

Yanzu ka dawo gida. Wataƙila akwai kaset ɗin bikin iyayenka a cikin akwati, ko faifan CD mai hotunan suna, ko tsohuwar waya mai saƙonnin wanda ya riga mu gidan gaskiya, ko filashin da ke ɗauke da kundin digirinka. Ka tambayi kanka yaushe rabon ka ga injin da zai buɗe su. Abin da masu wannan sha'awa suka koya da wahala guda uku ne, kuma kai ma za su yi maka amfani: ka cire batir daga duk na'urar da za ka ajiye ta daɗe, ka nisanta ta da danshi da zafi, sannan ka kwafe abin da ke cikinta zuwa wuri biyu ko uku tun injin karanta shi yana raye.

Ita kuwa na'urar Harwell tana nan a Bletchley Park. A ranakun da gidan tarihin ke buɗe, 'yan sa-kai kan ɗora mata takarda mai huji, makunnanta su fara ƙas-ƙas, ta ninka lamba biyu cikin daƙiƙa biyar zuwa goma kamar yadda take yi a 1951.