Kaluluwa da ma'aunin santimita ɗaya: tarihin hoton IRM a sankarar bakin mahaifa

Mun ci karo da wannan batu ne muna tattara kalmomin kiwon lafiya na Hausa. Abin da Faransanci ke kira "ganglion", Bahaushe kaluluwa yake ce masa, amma ba ya ambatonta sai ta kumbura: wanda ya ji ciwo a ƙafa shi ke cewa kaluluwa ta fito masa a matse-matsi. Za mu nuna a nan cewa likitancin Turai ma ya daɗe yana gane kaluluwa da kumburinta kawai, har bayan zuwan na'urar IRM.

Sankarar bakin mahaifa takan bi kaluluwan cikin ƙugu ta yaɗu, daga nan ta hau zuwa waɗanda ke gefen babbar jijiyar jini ta ciki. A 1898, a birnin Biyena, Ernst Wertheim ya fara tiyatar cire mahaifa tare da naman da ke kewaye da ita, amma kaluluwar da ya ga ta kumbura kaɗai yake cirewa. Sai a 1944 Joe Meigs na Boston ya mayar da kwashe su gaba ɗaya ƙa'idar aikin. Likitoci sun san cewa matar da cutar ta kai ga kaluluwanta ta fi shiga haɗari. Duk da haka, tsarin matakan cutar da aka shimfiɗa a 1929 ƙarƙashin tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya ta SDN, wanda ƙungiyar likitocin mata ta FIGO ta gada a 1958, bai sa kaluluwa cikin lissafi ba. Hujjar ita ce, abin da hannu bai taɓa ba, ido bai gani ba, ba a gina ma'aunin duniya a kansa.

A 1973 Paul Lauterbur ya nuna cewa ana iya ɗaukar hoton cikin abu da ƙarfin maganaɗisu, Peter Mansfield na Ingila kuma ya samo hanyar hanzarta aikin. Sun raba kyautar Nobel a 2003. (Abin lura ga mai nazarin harshe: sunan dabarar na farko, RMN, yana ɗauke da kalmar nukiliya, aka jefar da ita cikin shekarun 1980 don tana firgita marasa lafiya.) Wajen nuna girman tsiron da iyakarsa a bakin mahaifa, IRM ta fi sikana nesa ba kusa ba. A kan kaluluwa kuwa, ma'aunin da aka tsayar shi ne faɗi: wadda ta wuce santimita 1 ita ake zargi. A ganinmu, hukuncin Wertheim ne aka maimaita da na'ura mai tsada. Kaluluwa na iya ɗauke da ƙwayoyin sankara ba ta kumbura ba, tana kuma iya kumbura saboda wata cutar dabam, kamar tarin fuka, wanda ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Don rage wannan giɓi ne ake haɗawa da dabarar auna motsin ruwa cikin nama, wadda Denis Le Bihan ya ɓullo da ita a Faransa wajajen 1985.

FIGO ta daɗe tana jan ƙafa, domin galibin masu cutar suna ƙasashen da na'urar ta yi ƙaranci, kuma ana son mataki ya zama ma'anarsa ɗaya a Pari da Yamai. A 2018 ta sauya matsayi, ta buɗe mataki na IIIC: IIIC1 idan cutar ta kama kaluluwan ƙugu, IIIC2 idan ta hau sama. Sai dai ta gindaya sharaɗin a ƙara harafi guda a bayan lambar: "r" idan hoto ne ya nuna, "p" idan an ciro naman an duba shi a madubin likita.