Ƙarfen kama tano a gaban motar ɗaga kaya: yadda ake aiki da shi da yadda ake kula da shi

A manyan shagunan ajiya da garejoji na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, man inji, man girki, kwalta da magungunan feshi galibi a cikin tano suke zuwa, wato duro na lita 200. Tsayinsa ya kusa santimita 90, faɗinsa kuma ya kusa 60. In an cika shi da man inji nauyinsa yakan kai wajen kilo 200, in kuwa ruwan asid mai kauri ne yakan haura kilo 350. Irin wannan kaya in ya suɓuce, karaya ce ko ƙuna ko gobara.

Motar ɗaga kaya, mai dogayen yatsu biyu na ƙarfe a gaba, an ƙera ta ne don ɗaukar kaya masu shimfiɗaɗɗen gindi. Tano kuwa mulmulalle ne, yana iya gangarowa daga kan yatsun da zarar an taka birki. Shi ya sa ake ɗaura mata wani ƙarfe na musamman da ke riƙe shi.

Ire-iren ƙarfen

Akwai mai baki kamar na aku, wanda ke cafke leɓen tano ta sama, nauyin tanon da kansa ne ke ƙara matse bakin. Akwai mai hannu biyu da ke rungumar tano a tsakiya, ƙarƙashin zoben da ke jikinsa. Akwai mai matsewa da ƙarfin mai, wanda direba ke sarrafawa daga kujerarsa. Sai kuma mai juyawa, wanda ke karkata tano don a tsiyaye abin da ke ciki. Kowanne da irin tanon da aka yi shi dominsa: bakin da aka ƙera don leɓen ƙarfe ba lalle ya riƙe leɓen roba ba.

Ƙarfin mota yana raguwa

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. A jikin kowace mota akwai ƙaramin allon ƙarfe da ke nuna nauyin da take iya ɗagawa, misali kilo 2.500 idan tsakiyar kaya na nesa da gindin yatsu da santimita 50. Ƙarfen kama tano yana da nauyin kansa, kuma yana tura kaya gaba. Motar kamar sikeli take, tayoyin gaba su ne tsakiyarsa: yadda kaya ya ƙara nisa, haka bayan mota ke ƙara sauƙin tashi. A ƙiyasi mai sauƙi, idan nisan ya koma santimita 100, kada a sa ran fiye da rabin nauyin farko, sannan a cire nauyin ƙarfen. Shi ma ƙarfen yana da iyakarsa a rubuce, kuma adadin da ya fi ƙanƙanta tsakanin biyun shi ake bi.

Kafin a fara aiki

Direba ya tabbatar yatsun sun shige aljihun ƙarfen har ƙarshe, an ɗaure kusoshin matsewa, an kuma maƙala sarƙar tsaro a jikin mota. Ya dubi tanon: murfi a rufe yake? Leɓen ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa? Akwai maiƙo a inda za a kama? A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tanon da ya wuni a rana yana iya kumbura, na roba kuma ya yi laushi. Wanda ya kumbura ko yake yoyo ba a ɗaga shi sai an san abin da ke ciki.

Lokacin ɗauka da tafiya

A tunkari tano kai tsaye, a hankali. Bayan an kama, a ɗaga shi kaɗan a dakata, a ga ko ya riƙu. A yi tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, kimanin santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, an ɗan karkato shi baya. Tanon da bai cika ba ya fi haɗari, domin ruwan ciki yana tangal-tangal a kwana da lokacin birki. A gangare, kaya ya fuskanci tudu ko da hawa ake ko sauka, kuma ba a juya mota a kan gangare. Yashi da ramuka a tsakar depo suna iya kifar da mota mai ɗauke da kaya a sama.

Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin tano ko ya dafa shi da hannu don ya “taimaka”. Idan mota ta tashi kifewa, direba kada ya yi tsalle: ya zauna da bel a ɗaure, ya riƙe sitiyari, ya karkata jikinsa nesa da inda take faɗuwa.

Wajen tsiyayar esansi ko wani abu mai kama wuta, a haɗa tanon da abin da ake zubawa ciki da waya zuwa ƙasa, saboda tartsatsin da gogayya ke haifarwa. Ba sigari, ba walda a kusa. In wuta ta tashi, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Kula da ƙarfen

Kowace safiya a duba tsagewa a wuraren walda, haƙoran da suka cinye, robar matsewa da ta sule, da fil ko sifirin da ya saki. Ƙurar hunturu in ta cakuɗe da giris tana cin ƙarfe, don haka a goge tsohon giris kafin a sa sabo. In ana zargin tiyon mai yana yoyo, a gwada da kwali, ba da hannu ba, domin man da ke fita da ƙarfi yana huda fata. Yatsun mota da kaurin gindinsu ya ragu da kashi 10 cikin 100 sun isa canji. Ƙarfen da ya tsage ko ya lanƙwashe a janye shi daga aiki. Toshe shi da walda a bakin hanya yana ɓoye lahani ne kawai.

A ƙasar Faransa doka ta wajabta ƙwararre ya binciki irin waɗannan motoci duk wata 6. Mai depo zai iya ɗaukar wannan a matsayin ma'auni, ya buɗe littafi yana rubuta ranar kowane bincike da gyaran da aka yi. In an tashi aiki kuma, a sauke ƙarfen har ƙasa, a ja birkin hannu, a cire makulli.