Tsohon Babur da Sana'ar Kanikanci a Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsohon babur da ke yawo a titunan Gusau, ko wanda ke ɗauko buhunan hatsi daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu, da wuya a same shi yadda ya fito daga masana'anta, domin sau da yawa gangar jikinsa ta Japan ce, injinsa na ƙasar Sin, tayoyinsa da sarƙarsa daga wata ƙasar daban, kujerarsa kuwa wani maɗinki ne na bakin kasuwa ya sake ta. A Turai da Amurka, gyaran tsohon babur da sanya masa kayan da ba kamfaninsa ya ƙera ba abin sha'awa ne na masu hali, waɗanda ke yi don ado ko don gudu. A wannan yanki na Zamfara larura ce ta haifar da aikin, kuma kusan kowane sauyi da aka yi wa babur yana da nasaba da wani hali da tattalin arzikin ƙasa ya shiga.

Gusau ta san ƙarfe da inji tun lokacin da layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta ya isa Ƙauran Namoda a 1929, abin da ya mayar da ita cibiyar cinikin auduga da gyaɗa, ya kuma jawo direbobi da maƙera da masu gyaran keke. Tsafe tana kan hanyar da ta fito daga Funtuwa, Bungudu tana kan wadda ta nufi Talatar Mafara da Sakkwato, saboda haka duk abin hawan da ya shigo Gusau ba ya daɗewa yake bayyana a garuruwan biyu. Amma babur bai zama abin da ƙaramin ma'aikaci zai mallaka ba sai a tsakiyar shekarun 1970, bayan ƙarin albashin da hukumar Jerome Udoji ta ba da shawara a 1974, wanda aka biya tare da bashin watannin baya. Malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan lafiya suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, kuma a wancan zamani na arzikin man fetur gyara ba ya wuce a cire abin da ya lalace a sa sabo na kamfani, tunda Naira tana da daraja kuma kayan suna kanti.

Baburan nan kashi biyu ne ta fuskar inji. Akwai mai bugu biyu, kamar Suzuki A100 da Yamaha 100, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi. Akwai kuma mai bugu huɗu, kamar Honda Benly da Roadmaster, wanda baƙin mansa ke zaune a cikin inji, yana shan fetur kaɗan amma yana bukatar juye a kan kari. Wannan bambanci shi ya tsara irin gyaran da kowanne ya samu bayan 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, sabon babur ya gagari ma'aikaci, kayan gyara na Japan suka yi tsada ko suka ɓace daga kasuwa.

A nan ne kanikanci ya zama sana'ar dabara. Idan fistin, wato ƙarfen da ke kai-komo a cikin ramin bulok, ya cinye har babur ya rasa ƙarfi, ba a jefar da bulok ɗin, sai a kai shi wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa ramin kaɗan, aikin da kanikawa ke kira borin, sannan a sa fistin da zobba masu girma fiye da na farko. Ana iya maimaita haka har sai bangon ramin ya yi siriri, a sa masa sabon hannun riga na ƙarfe a koma ma'aunin asali. A babur mai bugu biyu akwai ƙaramin famfo da ke auna baƙin mai yana tura shi cikin inji, kuma da yake lalacewarsa ba ta nuna alama sai inji ya ƙone, kanikawa da yawa suka riƙa cire shi gaba ɗaya, mai babur ya koma zuba man a tanki da hannunsa duk lokacin da ya sha fetur. Kayan da aka yi waɗannan ayyuka da su mafi yawa ta hannun 'yan kasuwar Nnewi suka iso, waɗanda suka fara da shigo da kayan Taiwan kafin wasunsu su kafa masana'antu a garinsu, daga can kuma kayan su bi ta Kano da Kaduna zuwa shagunan Gusau. Daga lokacin ne mai saye ya koyi tambayar ko abu orijina ne ko jabu, bakanike kuma ya koyi gane ƙarfe mai kyau da nauyinsa a tafin hannu.

Matsin tattalin arzikin ne kuma ya yawaita haya da babur, wadda ake kira kabu-kabu a wannan shiyya, kuma ƙirƙirar Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996 ta ƙara wa Gusau ma'aikata da baƙi masu bukatar abin hawa. Injiniyan Japan ya ƙera babur ɗinsa ne don mutum biyu a kan kwalta, alhali hanyoyin da suka nufi Yankuzo da Bilbis, ko ƙauyukan bayan dutsen Kwatarkwashi, rairayi ne da rani, laka da damina, kuma abin da ake ɗora wa babur ya haɗa da mutum uku da buhun masara ko akuya. Sai mai walda ya tsawaita kariya, wato wurin ɗaura kaya na baya, da rodin gini, ya tokare ta da gangar babur. Maɗinki ya ƙara wa kujera tsawo da soso. Bakanike ya sa wayoyin gare masu kauri, wani lokaci ya ninka shokozoba, wato ƙarfen da ke shanye gargada, ya zama biyu a kowane gefe. Akan kuma sauya farantin sarƙa na baya da mai yawan haƙora, wanda ke rage gudu amma ya ba babur ƙarfin ja a cikin yashi. Wannan aiki ya cancanci a kira shi ƙira, ko da yake yana da illarsa, domin ba kasafai ake ƙara wa birki ƙarfi daidai da nauyin da aka ƙara ba.

Shigowar baburan Sin irin su Jincheng, waɗanda suka kwaikwayi ƙirar Japan, sannan Bajaj Boxer na Indiya a shekarun 2000, ta karya farashi ta kuma rage darajar doguwar jinyar tsohon inji. Amma kwaikwayon ya zo wa tsoffin babura da wata sabuwar dama, saboda injin Sin da aka kwafa daga na Honda yakan zauna a kan tsohuwar gangar Honda da ɗan gyara kaɗan, gangar kuwa masu ita sun yi imani ta fi ta zamani ƙwari. Haka nan aka riƙa cire kwantak, ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, ana maye gurbinsa da ƙaramin akwatin lantarki da ba ya bukatar saiti, aka kuma ɗaga wutar babur daga bolt 6 zuwa 12 don fitila ta yi haske. Samari sun ɗauki nasu ɓangaren, suna fasa cikin salansa don ƙara a ranar ɗaurin aure.

Rashin tsaro ya taɓa sana'ar fiye da duk abin da ya gabata, domin babur ɗin da ke kai manomi gona shi ne 'yan bindiga ke hawa. A 2019 rundunar soja ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi da dama har da Zamfara, a 2021 kuma gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura da dare, matakan da suka rage wa kanikawan Tsafe da Bungudu ciniki, tunda ranar kasuwa ce babbar ranar aikinsu. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin da aka fi nema a gareji shi ne a matse kafireto, na'urar da ke gauraya fetur da iska, don babur ya rage shan mai, kuma tsadar man ta ƙara tura masu tsoffin injuna masu bugu biyu ga sayar da su ga 'yan gwangwan, waɗanda ke auna su a sikeli a matsayin ƙarfe.