Ɗan Wabi, Sikila da Karan Dafi

Tun kaka da kakanni, idan mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan na mutuwa, Bahaushe kan ce wabi take yi. Ibo, maƙwabtan 'yan uwanmu mazauna Ogbete a Inugu, suna kiran irin wannan yaro ogbanje: wai ɗa guda ne ke tafiya yana dawowa don ya azabtar da uwarsa. Har tsaga akan yi wa gawar, don a gane shi in ya sake zuwa.

A 2001 Esther Nzewi ta wallafa binciken da ta yi kan yara 100 da aka laƙaba wa wannan suna a ƙasar Ibo. Da aka auna jininsu, 70 sikila ce da su. Ashe abin da ke dawowa gado ne: in uwa da uba duk masu jinin AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Ƙwayar jinin yaron kan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya taso.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda sauƙi ya ɓullo. Wani limamin coci mai maganin gargajiya, Paul Ogunyale, ya kai haɗinsa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, inda Farfesa Charles Wambebe da abokan aikinsa suka gwada shi, suka fitar da Niprisan. Kayan haɗin huɗu ne: kanumfari, masoro, itacen osun ɗan uwan madobiya, sai karan dafi, jar dawar nan da majema ke rina fata da ita, mata kuma ke dafawa don ƙarin jini. Biyun farko suna nan jibge a farantan masu kayan yaji na Ogbete, ana ƙulla wa mai saye a leda. Gwajin asibiti ya nuna maganin yana rage tashin ciwo, ko da yake ba ya warkarwa.

An ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan, amma kamfanin Xechem mai haɗa shi ya durƙushe, maganin ya ɓace shekaru, marasa lafiya na wahala. Sai a 2018 kamfanin May & Baker ya karɓi aikin. Wannan sakaci na shekaru abin kunya ne.

Kada mai karatu ya haɗa nasa a gida, domin awo ne ya mai da shi magani. Mai shirin aure kuma, don Allah a je gwajin jini kafin a kai sadaki.