Maɓallin Kusurwar Hagu da Kalmar da Ke Kansa

Duk malamin da ya taɓa zaunar da yara gaban kwamfuta a Damagaram ya san umarnin farko: "Ku danna can ƙasa, hannun hagu." Nan jerin manhajoji ke buɗewa, yaro ya zaɓi wadda zai yi aiki da ita. Abin ya zame mana jiki har mun manta cewa wani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi, kuma kalma ɗaya ce ta ba shi wahala.

A zamanin MS-DOS, wanda ya fito a 1981, ba jeri, ba hoto. Baƙin allo ne, kai za ka rubuta sunan manhaja, in harafi ɗaya ya kuskure ba za ta buɗe ba. Hadda ce zalla. Kamfanin Xerox ya fara gwada hotuna da linzami, Apple ya yaɗa su da Macintosh a 1984, Microsoft ya biyo baya. Amma ko a Windows 3.0 ta 1990, manhajoji a warwatse suke cikin ƙananan tagogi, sabon shiga sai ya yi ta lalube.

Wanda aka ɗora wa gyaran shi ne Danny Oran, da ya karanci halayyar ɗan Adam a Harvard. Ya tara komai ƙarƙashin maɓalli guda, ya sa masa suna "System". Mutanen da aka kawo gwaji suka ƙi taɓa shi, a ganinsu wannan wurin ƙwararru ne. Da aka mayar da sunan "Start", wato fara, sai hannu ya nufe shi ba tare da an ce wa kowa komai ba. Da wannan suna ya fito cikin Windows 95, ranar 24 ga Agusta 1995.

A nan Damagaram kuwa "Démarrer" ya iso mana, kuma dalilin tsoho ne. Faransawa sun ci garin a 1899, ya zama babban birnin mulkinsu a Nijar har 1926, harshensu ya zauna a ofis da aji. To kalmar da aka zaɓa don baƙo ya gane da kansa, ga yaron da ke Hausa ko Barbarci a gida, ta koma wata haddar. Shi ya sa muke koya masa wurin maɓallin maimakon ma'anarsa. Abin mamaki, a garin nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar, tun 1973.

Illar koyar da wuri ta fito fili a 2012, lokacin da Windows 8 ta cire jerin gaba ɗaya. Har a Turai da Amurka mutane suka ruɗe, suka riƙa sauko da ƙananan manhajoji irin su Classic Shell da Start8, waɗanda ba su da wani aiki babba sai dawo da tsohon jerin. Kamfanin ya ja da baya: maɓallin ya dawo a 2013, cikakken jerin a Windows 10 ta 2015. Sai Windows 11 ta zo a 2021 ta matsar da shi tsakiya. Yanzu ma ba a rubuta komai a kansa, tambari ne kawai. Yaron da "ƙasa, hagu" kaɗai ya riƙe, yau sai ya danna wani abu dabam.

A 2025 kundin da gwamnatin Nijar ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Windows kuwa ta kasance da fassarar Hausa a zamanin Windows 7, sai dai Hausar Najeriya aka bi wajen yin ta. Kyauta aka riƙa sauko da ita. Abin da ya rage shi ne intanet, da malamin da zai zauna ya bi jerin kalma bayan kalma, ya ga waɗanda yaran Birni da Zango za su gane ba sai an fassara musu ba.